Mangwaro Ɗan Tambaya

Mutanen unguwarmu suna cewa na yi wa Baffana rashin kunya saboda mutumin da ba addininmu ɗaya ba. Sun faɗa a gabana, sun faɗa a bayana. To, ga yadda aka yi, kuma har yau ban ba kowa haƙuri ba.

Baba Tambaya mutumin wajen Zuru ne. Aikin malamin gona ya kawo shi Tambuwal tun ba a haife ni ba, da ya yi ritaya kuma bai koma ba. Shi ne dattijo a ƙaramin cocin da ke bayan gari. Idan fasto ya yi tafiya shi ke yi musu wa'azi, idan miji da mata sun saɓa a cikinsu gidansa ake kai maganar. Wannan duk ji nake yi, ban taɓa shiga ba. Abin da na gani da idona shi ne garka, wato lambunmu.

Babana, Malam Lauwali, yana da wata siririyar fadama a gefen gari. Shi ya yanki rabinta ya ba Baba Tambaya aro. A wajenmu wanda aka ba aron gona ba ya dasa itace. Ya shuka gero, ya shuka dawa, ya yi albasa, duk abin da za a girbe a share wuri. Amma itace a'a, domin itace ya fi mai shi daɗewa a duniya. Wata rana sai 'ya'yansa su zo su ce itacen ubansu ne, daga itace a koma inuwa, daga inuwa a koma ƙasa. Babana ya san wannan sarai, ya ce masa ya dasa. Su biyu suka yi maganarsu a bakin rijiya, ba su kira kowa ba, don a ganinsu aboki ba ya neman shaida a kan aboki.

Mangwaro ya dasa. Ƙwallayen na gida ne, irin mai zaren nan da ke maƙale wa mutum a haƙori, amma da suka tasa sai ya je garinsu ya zo da 'yan rassa a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, ya aurar da su. Abin da ya fito ba mu taɓa ganin irinsa ba. Dogo ne, bakinsa a lanƙwashe, ko ya nuna fatarsa kore take, ciki kuwa ja kamar manja, babu zare ko ɗaya. Mata masu saye a kasuwa ba su san sunansa ba, sai suka riƙa cewa a ba su ɗan Tambaya. Sunan ya zauna.

Ni na bar makaranta ina aji huɗu, lokacin da ciwon babana ya fara kuma aiki ya yi wa Inna yawa. Ni ke kai abinci garka. In na kai sai in ajiye in koma gefe in zauna, don tun ina ƙarama magana wuya take ba ni. Mutum ya tambaye ni abu, amsar tana nan a bakina, amma sai ta ƙi fita, sai in kama wasa da bakin mayafina. Baba Tambaya shi kuwa bakinsa ba ya hutawa. Yana magana da babana, yana magana da jaki, yana magana da itatuwa.

"Lauwali, wagga ɗiya taka ta cika mani kunne," in ji shi. "Sarkin Surutu, ki bari wani ma shi yi magana mana!"

Babana ya yi ta dariya har tari ya kama shi. Ni na ɓoye fuskata. Amma washegari da na ajiye kwano sai Baba Tambaya ya miƙo mini wuƙarsa ta aiki, ƙarama, ƙotarta ta yi baƙi don hannu.

"Tunda bakin ba ya aiki, mu gani ko hannun na yi."

Haka na koyi auren mangwaro. A zaɓi reshe mai kaurin ɗan yatsa wanda idonsa ya kumbura yana shirin toho, a tsinke ganyen, a fere gindinsa gefe biyu kamar bakin gatari. A tsaga kan wancan na gidan, a cusa, ɓawo ya haɗu da ɓawo, a ɗaure da tsinken leda tamau yadda ruwa ba zai shiga ba. Na yanke yatsa ba sau ɗaya ba. Na farkon da na yi duk suka bushe, ya ce ba laifina ba ne, dangin amarya ne suka ƙi yarda. Da na farko ya kama, ya cire hularsa ya yi mini guɗa da muryar maza, har masu ban ruwa a garkar gaba suka leƙo.

Mutum ne mai lura. In azumi ya zo ba ya cin komai a garka, ko ruwa sai ya zagaya bayan itace ya sha. In azumin ya haɗu da lokacin mangwaro, kwandon farko masallacin unguwarmu yake aikawa na shan ruwa. Duk Kirsimeti kuwa babana yake kira ya yanka masa akuya, don maƙwabta su ci ba tare da shakka ba. Shekarar da babana ya rasu, da safiyar Kirsimeti sai ga shi a ƙofar gidanmu riƙe da igiyar akuya. Ya yi sallama, ya buɗe baki zai kira sunan, sai ya tuna. Ya tsaya a nan shi da akuyar, ita tana cin zanan gidanmu, shi yana kallon ƙasa. Inna ta aika aka kira masa ladan.

Bai taɓa ce mini in zo coci ba. Sau da yawa ma shi ke cewa, "An kira la'asar, ke kina nan kina surutu. Tashi."

Farkon damina Baba Tambaya ya rasu, bayan mangwaro ya ƙare. Bai yi doguwar jinya ba. Aka yi masa addu'a a cocinsu, matan zumunta suka yi ta waƙa da zannuwansu iri ɗaya, sannan aka sa shi a mota aka tafi da shi Zuru. Ni ina tsaye daga nesa a gindin dogon yaro, na ga akwatin ya wuce. Da matarsa, Mama Atu, ta dawo zaman makoki, na ɗauki kunu na kai. Wasu suka ce me ya kai ni. Na tambayi malamin islamiyyarmu, ya ce gaisuwar maƙwabci ba laifi ba ce, amma ko da ya ce laifi ne ina jin da na tafi. Mama Atu ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Da zan tafi ta shiga ɗaki ta fito da wuƙar.

"Ya ce taki ce. Ni ma zan koma wajen yara, ba mai zama a nan."

Ba a yi sati biyu ba sai ga Baffa Ɗanmaliki daga Kebbe. Shi ne wan babana, shi ke riƙe da maganar gidanmu tun rasuwar. Dogon mutum ne mai shanu da gonaki, ba ya ɗaga murya, don ba ya bukata. Ya zauna a kan tabarma a tsakar gida, Inna ta zauna nesa kaɗan, ni ina bakin murhu.

"Bara'atu," ya ce wa Inna, "itatuwan nan na garka sarewa za a yi."

Inna ta ce, "Waɗanne itatuwa, Yaya?"

"Kin san su. Lauwali ya yi kure, Allah shi gafarta mai. Yanzu shi ba shi, wancan ma ba shi. Gobe ɗiyan mutumin su taso daga Zuru su ce itacen ubansu na. Wa ka ce musu a'a? Ke?"

"Matar ta ce ba su so."

"Ita ba ta so. Jikokinta fa? Da bakinta za su yi rayuwa?"

Ba mugu ba ne Baffa, kada wani ya ɗauka haka nake nufi. Abin ya taɓa cin shi. Yana saurayi kakanmu ya ba wani aron gona a wajen Fakku, mutumin ya dasa gwaiba da ɗorawa, aka wayi gari gonar ta zama ta jikokin mutumin, kuma musulmi ne 'yan uwanmu, sahu ɗaya ake sallah da su. Tun daga nan Baffa in ya ga itace a gonar aro kamar ya ga maciji ne.

Amma sai ya ƙara wata magana. Ya ce, "Kuma mutane na faɗin coci za su gina a wurin. Gara a share sunan nan gaba ɗaya, garkar Tambaya, mangwaron Tambaya. Ƙasar Lauwali ta, a san da haka."

Na buɗe baki. Abin da nake so in ce yana da yawa: cewa rabin itatuwan hannuna ne ya aurar da su, cewa babana ne ya ce a dasa, cewa da kuɗin mangwaron nan aka yi jinyarsa. Abin da ya fito shi ne, "Baffa."

Ya juyo. "Na'am, Hamdiya?"

Shi ke nan. Na kama bakin mayafina ina murzawa.

"Mi kika son ki ce, ɗiyata?"

Na girgiza kai. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya ce mai injin sare itace zai zo jibi.

Washegari na je na gaya wa Mama Atu. Ta ɗaura ɗankwali ta zo da kanta, ta durƙusa a gaban Baffa, tsohuwa da ita, ta ce a kira mai unguwa da liman da fasto, ta faɗa a gabansu cewa ba su da ko taku ɗaya a ƙasar nan. Baffa ya ce ta tashi, ya sa aka kawo mata ruwa, ya yi mata gaisuwa mai kyau. Sannan ya ce, "Mama, shaidu mutuwa suka yi. Itace ba shi mutuwa." Ta tashi tana dafa gwiwa. A hanya ta ce mini in bari, ƙasarmu ce, kada in ɓata da dangina a kan itace.

Ni ba ƙasar ce ta dame ni ba. Mama Atu ta taɓa faɗa mini uwar itacen da aka yanko rassan a garinsu tuni aka sare ta aka yi hanya. Wato in waɗannan suka faɗi, irin ya ƙare a duniya. Ƙwallonsa in ka shuka ba shi ke fitowa ba, wani abu daban ne mai zare. Sai ta reshe kawai yake rayuwa.

Ranar da safe na riga su zuwa. An yi ruwa da asuba, ganyen yana ɗiga. Na zauna a gindin babbar bishiyar, wadda aka fara dasawa, na jingina bayana. Can sai ga Baffa da mai injin, wani gajeren mutum mai suna Mudassir, ya saɓa injin a kafaɗa, galan ɗin mai a hannu.

Mudassir ya tsaya. "Alhaji, da mutum a wurin."

"Hamdiya, tashi."

Ban tashi ba. Ban kuma ce komai ba, wannan karon shirun ya yi mini amfani.

"Ba da ke nika magana ba?"

Mudassir ya sauke injin ya ce, "Ni dai an ce in sare itace, ba a ce har da budurwa ba. Wannan kuɗinsa daban na."

"Rufe mani baki," in ji Baffa. Ya dube ni tsawon lokaci. Ba zai taɓa ni ba, na sani, bai taɓa dukan ɗiya mace ba. Sai ya nuna ƙarshen garka da sandarsa. "Faro daga can. In ta iya zama gindin itace goma lokaci guda, ta zauna."

Injin ya tashi. Ban taɓa jin ƙara mai muni haka ba. Na farko ya yi kuka ya kwanta a kan kunyar albasa. Baffa ya ce a riƙa yankewa can ƙasa, ƙasa da wurin auren, don ko kututturen ya tsiro ya tsiro na gida, kuma duk da haka ya ce a tara musu kara a ƙona. Ya san abin da yake yi. Ina zaune ina jin ƙasa tana girgiza a ƙarƙashina duk sanda ɗaya ya faɗi, sai na gane zaman nan ba abin da zai hana. Zan zauna har yamma, yunwa ta kore ni, gobe su dawo su kayar da wadda na jingina.

Na tashi. Baffa ya ce, "Yauwa, ko ke fa." Na wuce shi na shiga cikin rassan da suka faɗi. Na fito da wuƙar daga ƙugu na fara zaɓe. Waɗanda da sai an hau tsani ake kai musu, yau ga su a gabana. Ina yanka ina tsinke ganye ina zubawa a mayafina.

"Ke! Itace shi faɗo maki!" in ji Mudassir, ya kashe injin.

"Mi za ki yi da tsinkaye?" in ji Baffa.

Wannan karon maganar ta fito, ko da yake can ƙasa. "Ai an sare, Baffa. Ba na kowa ba ne yanzu."

Ya ɗauka makamashi nake nufi ko magani. Ya kaɗa hannu. Na cika mayafin, na samo tsohon buhu a bukkar garka na tsoma a rijiya, na naɗe su. Ban tsaya na ga faɗuwar babbar ba, amma na ji ta ina kan hanya.

Reshen da aka yanke ba ya jira. In ya kwana biyu uku ruwansa ya janye, aikin banza ne. Ga shi ni ba ni da ƙasa, ba ni da dashe. Amma a Tambuwal kusan kowane gida akwai mangwaro na gida a bayan ɗaki ko kusa da wurin wanke-wanke, wanda yaro ya sha ya yar da ƙwallon ya tsiro da kansa. Ba wanda ya damu da su. Ni da ko aike ba na son a yi mini zuwa gidan mutane, ranar na shiga gida gida.

Na fara da namu. Daga nan gidan ladan. Matarsa ta ce, "Hamdiya, yau ke ce da sallama da ƙarfi? Lafiya?" Na ce ina so in aurar mata da mangwaronta. Ta ce, "Ke da ba ki yi naki ba?" Matan gidan suka kwashe da dariya, amma suka ba ni turmi na taka. Da na gama na ce kada a bar awaki su kai, kada yara su kwance ledar, in ya yi toho a bar shi. Sannan na ce, "Sunansa ɗan Tambaya."

A kowane gida sai na faɗi wannan. Shi ne ya fi yi mini wuya, kuma shi ne abin da ban tsallake ba.

A gidan Ummu mai ƙosai aka samu matsala. Tana da dashe masu kyau har uku, daidai aure. Ta ce tana so, ai ta san daɗinsa. "Amma mu sake mashi suna. Mu ce ɗan Hamdiya. Kin san Malam, in ya ji sunan nan a gidanai ba zaman lafiya."

Na ce, "Ba ni na kawo shi ba."

"To mu ce ɗan garka. Suna dai, mi a ciki?"

"Da kina sayensa a kasuwa me kike cewa a ba ki?"

Ta ce, "Wancan kasuwa ta."

Na naɗe buhuna. Ta biyo ni har zaure tana cewa ashe haka nake da taurin kai, shiru-shiru ba tsoro ba ne. Dashen nan uku sun tsaya mini a rai, har yanzu in na wuce ta ƙofar gidan ina tuna su. Amma ban koma ba.

Zuwa yammacin rana ta biyu na yi gidaje da yawa, yatsuna duk sun tsage, ruwan mangwaro ya ƙona mini hannu. Saura 'yan rassa kaɗan, kuma su ne mafi kyau, don na ware su tun farko. Inna ta gan ni ina sake jiƙa buhun ta ce, "Waɗannan na wane gida ne?"

Na ce, "Kebbe zan je."

Ta ajiye ludayin da ke hannunta. "Hamdiya, kada ki ja mana."

"Gaisuwa zan je yi wa Inna Zulfa."

"Da buhu?"

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta shiga ɗaki ta ƙullo mini daddawa, ta ce in zan je gaisuwa in je da abin gaisuwa.

Da safe na shiga mota a tasha, na rungume buhun a cinya. Wata mata ta ce ko kifi ne na ɗauko yake jiƙa mata zane. Hanyar duk taɓo, muka isa Kebbe rana ta ɗaga. Baffa ya tafi kasuwar shanu. Inna Zulfa, matarsa, mace ce mai ƙiba mai son dariya, ta karɓi daddawar, ta ji abin da ya kawo ni, ta dafa ƙirji.

"A gidan Ɗanmaliki? Ke ɗiyar nan, kashe ni kika son a yi?"

"Itacenki ne, Inna. Ba kin ce awaki ma ba su shan 'ya'yansa ba?"

"Wallahi tsami kamar hirar surukai." Ta leƙa ƙofa ta dawo. "Ni ban gani ba. Ina madafa, hayaƙi ya rufe mani ido."

Itacen yana bayan rumbu, ya yi sababbin rassa masu laushi. Na taka jikin rumbun na yi aikina a natse. Ban taɓa yin ɗauri mai kyau irin na ranar ba. Ina kan na ƙarshe na ji sallamarsa.

Ya zagayo ya same ni a sama, leda a baki, wuƙa a hannu. Ya dubi ɗaurin ɗaya bayan ɗaya. Bai tambaya ba, ya gane.

"Sauko."

Na ƙarasa ƙullin tukuna na sauko. Na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa ba.

"Har cikin gidana?"

Na ce, "Baffa, ka ce tsoronka ƙasa. Nan ƙasarka ce, gindin naka ne, kai ka gada. Ba wanda zai taso daga Zuru ya ce gidanka nasa ne saboda tsinke. In don ƙasa ce, ga shi ba abin tsoro."

"In kuma ba don ƙasa ba fa?"

"To sai ka faɗa mini don mene ne."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Inna Zulfa ta daina motsa tukunya. Baffa ya ɗaga sandarsa, ba ni ya nufa ba. Ya maƙalo reshen farko ya karya daga ƙasan ɗaurin. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, bai bar ko guda ba. Ya tattara su da ƙafa ya tura wajen awaki.

"A ba ta abinci ta koma," ya ce wa matarsa, sannan ya juyo gare ni. "Kuma ki gaya ma uwarki, tunda kin girma har kina tuhumata, ki riƙe kanki."

Na ci abincin, don Inna Zulfa ta tsaya a kaina. Na dawo Tambuwal da buhu ba komai.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Buhun geron da Baffa ke aiko mana duk kaka, shekarar nan bai zo ba. Garkar ya ba wani ya shuka shinkafa. Inna ta yi kwanaki ba ta yi mini magana sai ta dole, muka ƙara yawan ƙuli-ƙulin da muke yi na sayarwa. A gidan biki in na shiga sai a ce ga lauyar coci ta zo. Mama Atu ta kwashe kayanta ta tafi Zuru, ban ma samu na nuna mata komai ba.

Na riƙa zagaya gidajen ina dubawa. Fiye da rabi sun mutu. Wasu awaki, wasu yara, wasu rassan ne suka riga suka sha iska. A wani gida mai gidan ne ya cire da ya ji sunan. Amma na gidan ladan ya kama. Namu ya kama. Na gidan wata tsohuwa mai saƙar faifai ya kama har biyu. Ranar da na ga jan toho ya huda ledar a gidan ladan, na zauna a kan turmi na yi kukan da ban yi ba ranar da aka wuce da akwatin. Matar ladan ta ce, "To, amarya ta tare, kuka na mi?"

Na bar su suka yi shekara suna ƙarfi. Da damina ta sake faɗuwa, rassan sun yi kaurin da za a iya ɗiba. Na ɗebi kaɗan daga nan, kaɗan daga can, na jiƙa buhu. Inna ta gan ni, wannan karon ba ta tambaya ba, ba ta kuma ƙullo daddawa ba.

Na isa Kebbe bayan azahar. Baffa yana zaune a ƙofar gida a kan buzu, da abokansa dattawa suna hira. Ba yadda zan shiga sai ta gabansu. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe su. Suka amsa, shi ma ya amsa a taƙaice. Idonsa yana kan buhun da ke ɗiga.

Wani mai farin gemu a cikinsu ya ce, "Ɗiyar Lauwali ce wagga? Mi kinka kawo muna daga Tambuwal?"

Da can da sai in sunkuyar da kai har wani ya amsa mini. Na ɗago.

"Mangwaro ne, Baba. Ɗan Tambaya. Zan aurar a itacen Baffa."

"Ɗan Tambaya!" in ji tsohon. "Koren nan mai jan ciki? Ai na ɗauka ya ƙare. An ce wani ya sare su duka."

Wani daga gefe ya kama tari. Baffa ya juya carbinsa.

"In kin ɗaura, cirewa nika yi," ya ce, a hankali.

"Na sani, Baffa. Baɗi ma zan zo."

"Har yaushe?"

"Yanzu yana gidaje da yawa. Ba zai ƙare mini ba."

Mai farin gemun ya dubi Baffa, ya dube ni, ya ce, "Ɗanmaliki, in kai ba ka so, ni ina da itace biyu a gida suna cin wuri banza. Ɗiyata, in kin gama da nashi ki rage mani."

"Zan rage, Baba. Amma da sunansa yake tafiya."

"Awo, in ba sunansa ba da sunan wa? Na san mutumin. Shi ya yi mani maganin tsutsar albasa."

Baffa bai ce in shiga ba, bai ce kada in shiga ba. Na ɗauki takalmina da buhuna na bi ta gefen buzunsa. A tsakar gida Inna Zulfa ta gan ni ta ce, "Inna lillahi, ga ta kuma," ta juya ta shige madafa ta hau hura wutar da ba ta bukatar huri.

Inda Baffa ya karya bara, itacen ya fitar da sababbin rassa, biyu uku a kowane gurbi, sun fi na bara yawa. Na taka jikin rumbu, na sa leda a baki, na buɗe wuƙa.